Mako Uku A Gidan Manomi

Abin da nake so in yi bayani a kai a wannan fili shi ne hutun da muka yi, ni da iyayena da ƙannena biyu, a gidan wani manomi a ƙasar Dawakin Tofa, arewa maso yamma da birnin Kano. Abin da ya sa na ga ya kamata in rubuta shi kuwa, na lura da yawa daga cikinmu a birni aka haife mu, a birni muka tashi, muna cin tuwo dare da rana amma ba mu taɓa riƙe zangarniyar gero a hannu ba. In wani ya yi wauta a aji, sai mu ce masa baƙauye. Ni ma da haka nake, sai da na je na gano wa idona. Gani ya kori ji.

MAFARIN TAFIYA

Wata rana malaminmu na labarin ƙasa ya ba mu labarin wata al'ada ta mutanen Turai. Ya ce a can, in lokacin hutu ya zo, magidanci yakan kwashi iyalinsa daga birni su tafi ƙauye, su kama hayar ɗakuna a gidan manomi na mako ɗaya ko biyu. Su sha iska, yara su ga shanu da tumaki, su ci abin da aka noma a gonar, sa'an nan su biya kuɗi su koma gida. Ya ce abin bai faru haka kawai ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu samari sun yi ta barin ƙauyuka suna tafiya aiki a masana'antu, gidaje suka zama kango. Don haka a Faransa aka kafa wata ƙungiya a 1955 mai suna Gîtes de France, wadda ke taimaka wa mutanen karkara su gyara tsofaffin gidajensu su riƙa saukar da baƙi. A Italiya ma an yi doka a 1985 wadda ta tsara yadda manomi zai riƙa saukar da masu hutu a gonarsa. Manufar ita ce manomi ya sami ƙarin abin shiga, don kada ya sayar da gonarsa ya gudu birni.

Da na koma gida na ba Baba wannan labari, sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce, "To, ai mu ma muna da ƙauye. In an yi hutu sai mu je."

Daga baya ne na gane cewa ba labarina kaɗai ya sa shi ya faɗi haka ba. Ashe akwai gonar da Baba ya gada daga kakanmu, wadda ba ta fi eka biyu ba. Tun da kakanmu ya rasu, shekara takwas ke nan, Baba bai kwana a ƙauyen ba, sai dai ya je gaisuwar mutuwa ko ɗaurin aure ya juyo a ranar. Gonar tana hannun wani maƙwabcin kakanmu, aro aka ba shi yana nomawa. To, sai ga wani dillalin filaye ya matsa wa Baba da zarya, wai akwai mai son saye ya yanka ta fuloti-fuloti. Kuɗin da ya ambata ba kaɗan ba ne, ga kuma yayana zai shiga jami'a, ga kuɗin hayar gidan da muke ciki. Baba ya ce ba zai yanke shawara ba sai 'ya'yansa sun taka gonar da ƙafarsu.

HANYA DA MASAUKI

Mun tashi a farkon watan Agusta, damina ta yi tsakiya. Muka bi hanyar Katsina, muka wuce Dawanau, inda babbar kasuwar hatsin nan take, wadda ake lissafa ta cikin manya a Afirka ta Yamma. Manyan motoci ne jere ana lodin gero da dawa da wake da riɗi da zoɓo. Baba ya ce mu lura da kyau, domin inda za mu, daga irinsa wannan kaya yake fitowa. Abin da na lura da shi kuma shi ne birni ba ya ƙarewa da wuri. Ko bayan mun wuce kasuwar, ana ta ganin sababbin gine-gine da tulin bulo a tsakiyar shuka. Sai da muka bar kwalta muka hau burji sa'an nan gonaki suka mamaye ko'ina.

Tun da sashen kakanmu ya rushe, Baba ya aika tun da wuri a nema mana ɗakunan da za mu kama na mako uku. Wanda ya karɓi saƙon shi ne mutumin da ke noma gonarmu. Ya girmi Baba, don haka Baba yana ce masa Yaya, mu kuma muna ce masa Baffa, uwargidansa kuwa Inna. Ya sa aka share mana sashen babban ɗansa, wanda ya tafi neman kuɗi Ikko da iyalinsa.

Ga yadda gidan yake. Da farko akwai zaure, inda maigida ke zama da baƙinsa, kuma nan ne iyakar baƙo namiji in ba an ce ya shigo ba. Daga nan sai wani fili inda aka ɗaure jaki da shanun huɗa guda biyu. Sai cikin gida, mai sassa uku, kowane da ɗakunan ƙasa masu rufin kwano. Akwai rumbuna uku da aka ɗora a kan duwatsu don kada danshi da gara su taɓa hatsi. Akwai turken awaki da tumaki, da akurkin kaji, da murhu a ƙarƙashin rumfa, da randuna irin waɗanda ake ginawa a Dawakin Tofa, ruwansu da sanyi kamar an sa ƙanƙara. Bayan gida kuma an kewaye wani ɗan wuri da darni, an shuka kuɓewa da yakuwa da rama da barkono. Wutar lantarki babu, sai wani ɗan faifan sola da ake cajin waya da fitila.

Da daddare bayan an ci tuwo, Baba ya ciro kuɗi a aljihu ya miƙa wa Baffa, ya ce, "Yaya, ga wannan, na ɗakunan ne."

Baffa ya dubi kuɗin, ya dubi Baba, ya ce, "Ashe haka birni ya mai da kai? A gidan nan aka yanke maka cibiya ko a maƙwabta? Mai da kuɗinka. Baƙo raɓa ne, yaushe aka fara karɓar haya a wurin raɓa? In kana son ka biya, ga yaro nan ka kawo, gobe ya ɗauki fartanya."

Nan ne na fara ganin bambancinmu da Turawan da malam ya ba mu labari. A wurinmu akwai hayar gona, akwai jinginar gona, akwai aro, amma ɗakin baƙo ba abin ciniki ba ne. Abin da ake biya da shi shi ne tsaraba, da ladabi, da sa hannu a aikin gida.

KARKARA BA DAJI BA CE

Kafin in je, a zatona ƙauye daji ne, bukkoki 'yan kaɗan sai kurmi. Da gari ya waye na fita, sai na ga ba haka ba ne. Duk inda ka duba gona ce, daga wannan sai wannan, ba tazara. Iyakar da ke tsakaninsu ba ta wuce layin gamba ko jan lalle ko 'yar siririyar hanya ba. Ba ka tafiyar minti biyar ba ka ga wani gida ba. Baffa ya koya mini kalmomi uku. Karkara ita ce ƙasar da ake nomawa kowace shekara ba hutu. Saura ita ce gonar da aka bari ta huta. Daji kuwa shi ne inda ba a noma ko kaɗan. Ya ce shi tun tasowarsa bai san saura ba a garinsu, balle daji.

Wannan hali na ƙasar Kano ba sabo ba ne. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya yaba albarkar ƙasar da yawan jama'arta da ƙauyukanta. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, wani masanin labarin ƙasa daga Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya yi shekaru yana nazarin wannan yanki. A 1965 shi da abokin aikinsa suka fitar da rahoto a kan ƙasa da jama'ar kewayen Kano. Binciken ya nuna a ƙauyukan da ke kusa da birni fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar ana noma ta kowace shekara.

Abin da ya ba masana mamaki shi ne, a littattafan aikin gona an ce ƙasa mai yashi irin tamu, wadda ruwan samanta bai wuce na wata huɗu zuwa biyar ba, in ba a bar ta ta huta ba sai ta mutu. To, ga ƙasa an yi shekaru aru-aru ana noma ta, kuma ba ta mutu ba. Mene ne sirrin? A makonni ukun nan na ga amsar da idona, kuma abubuwa huɗu ne.

Na farko shi ne taki. A gidan Baffa ba a zubar da komai. Kashin awaki da na tumaki da na jaki, da tokar murhu, da sharar tsakar gida, duk wuri ɗaya ake tara su. In bazara ta yi, sai a ɗora wa jaki mangala, ko a cika amalanke, a kai gona a zuba tsibi-tsibi, in an kusa shuka a baza. Baffa ya ce a zamanin iyayensu, da rani jakuna kan shiga birni da itace da kara da hatsi, su fito da takin birni. Wato abin da mutanen birni suka share suka zubar, shi ne ke komowa musu a matsayin tuwo. Har yanzu ana kawo sharar birni da motoci, sai dai ta cika da leda da fasassun kwalabe, sai an zauna an tsince kafin ta yi amfani. Ya ce takin zamani yana da kyau in an samu, amma yana da tsada, kuma shi kaɗai ba ya riƙe ƙasa kamar na gargajiya.

Na biyu shi ne haɗa shuka. Ba za ka ga gona da abu ɗaya ba. A gonarmu akwai gero, da dawa, da wake a tsakaninsu, da gyaɗa a gefe guda, ga riɗi a bakin iyaka. Da na tambayi dalili, Baffa ya ce gero yakan nuna cikin wata uku, shi ne ke fitar da gida daga yunwar damina. Dawa kuwa sai bayan ruwa ya ɗauke, wajen watan Nuwamba. In an girbe gero, sai wake ya sami rana da fili ya yaɗu. In ruwa ya yi gardama, ba duka za su lalace tare ba. Na tuna kuma abin da aka koya mana a darasin kimiyyar noma, cewa saiwar wake da ta gyaɗa suna da wasu ƙulle-ƙulle da ke tara sinadarin naitirojin daga iska su bar shi a ƙasa. Baffa bai san sunan sinadarin ba, amma ya ce kowa ya san inda wake ya kwana, gero yakan yi kyau baɗi.

Na uku shi ne itatuwa. Gonakin cike suke da su, kuma kowace bishiya da mai ita. Ga kuka, wadda ake miya da ganyenta. Ga ɗorawa, wadda ake daddawa da 'ya'yanta. Ga tsamiya ta kunu, ga kanya, ga darbejiya, ga mangwaro. Ba a sare su daga tushe, sai dai a rage rassa a yi makamashi ko a ba dabbobi. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne gawo. Ana tsakiyar damina, kowace bishiya ta yi kore, shi kuwa tsirara yake ba ganye. Na ce wa Baffa wannan ai ta mutu. Ya yi dariya ya ce, "Gawo ke nan, ɗana. Da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi sabo." Saboda haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, da rani kuma dabbobi su sha inuwarsa su ci 'ya'yansa su bar kashinsu a gindinsa. Na duba kuwa, geron da ke ƙarƙashinsa ya fi na ko'ina tsayi.

Na huɗu shi ne dabbobi. Tun da babu daji, babu wurin kiwo. Da damina duk akuya da tunkiya a turke suke, yara ke yanko musu ciyawar da aka nome. In an yi girbi, sai a tattara harawar wake da ta gyaɗa a ɗora kan rumfa ko a reshen bishiya, a tara karan dawa, da su za a ciyar da dabbobi har ruwa ya sauko. Ka ga ke nan gona ta ciyar da dabba, dabba ta ba da taki, taki ya ciyar da gona. Dabbar kuma ita ce asusun gida. Inna ta ce mini awaki shida daga cikin waɗanda ke turke nata ne, in bikin 'yarta ya zo ko rashin lafiya, sai a kai ɗaya kasuwar Dambatta ranar Lahadi.

RANAR DA NA ƊAUKI FARTANYA

Baffa bai manta da maganarsa ba. Bayan sallar asuba muka sha koko, ya miƙo mini fartanya, muka nufi gona tare da 'ya'yansa biyu. Aikin da ake ciki shi ne maimai, wato noma na biyu. Ƙaramin ɗansa, wanda na girma da shekara biyu, ya kai ƙarshen kunya uku ni ban gama ɗaya ba. Kafin hantsi hannuna ya yi bororo, bayana kamar zai karye. Abin kunya kuma, na sare wake har gindi biyar ina zaton ciyawa ce. Ba wanda ya yi mini dariya. Yaron ya dawo ya nuna mini bambancin ganyen, ya kuma nuna mini wuta-wuta, wata ciyawa mai jan fure mai kyan gani, wadda ke manne wa saiwar gero da dawa tana shanye musu abinci. Ya ce in na gan ta in tuge ta tun ba ta zubar da iri ba. A ranar na tuna sau nawa na ce wa wani baƙauye, na ji kunyar kaina. A wannan wuri ni ne ban san komai ba.

Da rana ta take, ƙanwata ta zo tare da 'yan matan gidan da ƙwaryar fura da nono. Ban taɓa shan abin da ya kai wannan fura daɗi ba. Ita ma ƙanwar tawa ta koyi nata, domin ta yi surfe da tankaɗe, ta ja guga a rijiya, ta kuma san cewa kafin tuwo ya zo kwano an sha aiki.

Da daddare mukan zauna a ƙofar zaure, dattawa suna hira. A nan na ji labarin gyaɗa. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa sun so a noma auduga, amma manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi riba. Cikin 'yan shekaru ta zama babbar hajar ƙasar, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suna saye, ana jera buhuna har suka zama dalar gyaɗar da muke gani a hotuna. Wani tsoho ya ce da kuɗin gyaɗa ubansa ya biya haraji, ya sayi keke, ya yi masa aure. Sai fari ya zo daga 1972 zuwa 1974, a 1975 kuma wata cuta ta faɗa wa gyaɗar ta lalata ta. Tun daga nan dalar ba ta sake tashi ba. Amma manoma ba su tashi daga gonakinsu ba, sai suka ƙara ƙarfi a kan wake da hatsi da kiwo. Na duƙe tsohon ciniki, in ji masu iya magana.

BA DAƊI KAƊAI BA NE

Kada wani ya ɗauka cewa zaman ƙauye hutu ne zalla. Watan Agusta lokacin sauro ne. A mako na biyu ƙaramin ƙanena ya kwanta da zazzaɓi cikin dare, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, hanya ta cika da taɓo, mota ba ta fita. Sai da gari ya waye aka ɗauke shi a babur, shi da Baba, zuwa wani ƙaramin asibiti mai nisa. Allah ya sa ya warke cikin kwana uku. Amma Umma ta ce a daren ta yi tunanin matan da naƙuda ke kama su a irin wannan lokaci.

Akwai kuma ƙarancin ƙasa. Duk lokacin da maigida ya rasu, sai a raba gonarsa tsakanin magada, kowane zamani rabon yana ƙara ƙanƙancewa. A da, uba da 'ya'yansa maza sukan yi noma tare a gandu, kowane ɗa kuma yana da 'yar gayaunarsa. Yanzu gandu ya yi wuya, domin gonar ba ta isa ta riƙe kowa ba. Shi ya sa babu magidancin da ke dogara da noma kaɗai. Wani tela ne, wani mahauci, wani yana dako a Dawanau, wani kuma da an gama girbi sai ya tafi ci-rani. Ɗakin da muka kwana a ciki ma, ai rashin isasshiyar gona ce ta kai mai shi Ikko. A nan ne na gane abin da eka biyunmu take nufi a wurin Baffa. A wurinmu kuɗi ce da za a karɓa sau ɗaya. A wurinsa kuwa abincin wata da watanni ne, kowace shekara, kuma shekara takwas yana zuba mata taki. Duk da haka bai taɓa ce wa Baba kada ya sayar ba.

GA MAI NIYYAR ZUWA

In iyayenku suna da ƙauye, ko akwai wani amini da zai sauke ku, ga 'yan shawarwari daga abin da na gani.

Da farko a aika da saƙo tun da wuri, a kuma tambayi lafiyar hanya kafin a tashi. Na biyu, kada a je hannu rabbana. A riƙe goro da sukari da sabulu da gishiri da man girki, da ɗan atamfa ga uwargida. A tuna cewa watan Agusta rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai shigo ba, don haka baƙi biyar nauyi ne ko da maigida bai faɗa ba. Mu da buhun shinkafa muka je, Umma ta miƙa wa Inna a cikin gida ba tare da an yi magana ba. Na uku, a tafi da gidan sauro da tocila da takalmi mai rufi, a kuma tafasa ruwan da ƙananan yara za su sha. Na huɗu, in an isa a je a gai da mai unguwa da liman da dattawa. A yi sallama kafin a shiga ko'ina, a durƙusa wa manya. Na biyar, kada a ratsa ta cikin shuka, kada a tsinki ɗan itacen da ba a ba ka ba, kada a ɗauki hoton matan gida ba da izini ba. Na ƙarshe, wanda ya fi duka, kada a je kallo. A sa hannu a aiki, a yi tambaya, a rage cewa "mu a birni".

Wani zai ce, me zai hana mu ma manomanmu su riƙa karɓar kuɗin masauki kamar na Turai? Na yi wa Baffa wannan tambaya. Ya ce in baƙon ido ne daga nesa, wanda ba a san asalinsa ba, kuma hukuma ta tsara abin, wataƙila wata rana a yi. Amma ya ce yawancin mutanen Kano ai ba baƙi ba ne a karkara, 'ya'yanta ne da suka daɗe ba su zo gida ba.

KOMAWA GIDA

Ana saura kwana biyu mu tafi, geron farko ya fara nuna. Baffa ya karyo zangarniya daga gonarmu, aka gasa mana tumu a bakin murhu. Baba ya murza a tafin hannunsa, ya hure, ya ci, ya ce rabonsa da tumu tun yana aji uku na sakandare. Da yamma ya zagaya da mu iyakar gonar, ya nuna mana kukar da kakanmu ya hana a sare, da gawon da kakar Baba take shanya kuɓewa a gindinsa. Daga inda muke tsaye muna hango wata gona can gaba wadda aka riga aka sayar, an kafa mata duwatsun shaida, ba shuka a ciki sai ciyawa.

Baba ya tambaye mu ra'ayinmu. Yayana, wanda ya zo ya same mu a makon ƙarshe, kuma don karatunsa ake maganar kuɗin, ya ce shi dai a bar ta, zai nemi aikin hannu ya taimaka. Baba bai ce komai ba a ranar. Bayan mun dawo birni ne na ji shi yana gaya wa dillalin a waya cewa ya fasa. Babur ɗinsa ya sayar aka biya kuɗin rajista, yanzu a motar haya yake zuwa aiki, kuma na san abin yana yi masa wuya. Ya kuma sayi tumaki biyu ya aika wa Baffa a ɗaure a turke, takin na gona, in sun haihu a raba. Bayan kaka, sai ga buhu biyu na gero da rabin buhun wake daga ƙauye, da ƙullin kuka da daddawa daga Inna.

Ban san abin da gobe za ta haifar ba, domin birni yana ta matsowa, wataƙila wata rana ya iske gonar ko muna so ko ba ma so. Amma yanzu in aka zuba mini tuwo na san hannun da ya noma shi. Ina roƙon iyayenmu, duk wanda yake da ƙauye ya daure ya kai 'ya'yansa ko da na mako ɗaya ne, domin zumunta a ƙafa take. Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, kafin ɗayanmu ya sake ce wa wani baƙauye, ya fara gwada kunya ɗaya da fartanya. Mu dai an riga an yi mana bulon ƙasa, in Allah ya kai mu rani za a ta da ɗaki biyu a kangon kakanmu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya saka wa manomanmu da alheri, amin.